Shinkafar ɓera ta kashe mana kyanwoyi da kaji: unguwa za ta iya taka mata birki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. A layinmu mun yi asarar kyanwoyi da kaji, har da karen gadin wani maƙwabcinmu, bayan wasu gidaje sun zuba shinkafar ɓera. Ɗana ya ce ya karanta cewa a Amurka mutanen unguwanni ne suka tashi tsaye har hukuma ta hana irin wannan magani. Da gaske ne? Yaya suka yi? Mu a nan za mu iya, alhali ɓeraye sun addabe mu, ga kuma tsoron zazzaɓin Lassa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannunku da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Maganar ɗanki gaskiya ce, sai dai tana son ƙarin bayani. Ba a duk faɗin Amurka aka yi ba, kuma ba kowane maganin ɓera aka hana ba. Inda abin ya fi yin nisa shi ne jihar Kalifoniya, kuma sun fi shekara goma suna fafutuka kafin su ga doka. Labarinsu zai amfane ku, amma sai an tsinci abin ɗauka a ciki, domin gubar da ke yawo a kasuwanninmu da halin da muke ciki sun sha bamban da nasu.

Gubar da aka yi rigima a kanta can ita ce mai hana jini daskarewa. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta yi hunhuna. Wani masanin sinadarai a Jami'ar Wiskonsin, Karl Paul Link, ya bi diddigin abin shi da ɗalibansa har suka ware sinadarin da ke haddasa haka, daga nan aka samar da warfarin, ya shiga kasuwa a matsayin maganin ɓera a 1948. Shi ne dai wanda likitocin mutane ke rubuta wa masu matsalar gudan jini a ɗan ƙaramin awo. A 1958 aka tarar da ɓerayen da warfarin ba ya kashewa a wata gona a Sikotlan, sai kamfanoni suka shiga neman mai ƙarfi. A shekarun 1970 zuwa 1980 suka fito da zubi na biyu: brodifacoum, bromadiolone, difenacoum da difethialone. Ki riƙe sunayen nan, haka za ki gan su a jikin kwali in an rubuta.

Ga yadda suke aiki. Hanta tana buƙatar bitamin K don haɗa sinadaran da ke sa jini ya tsaya in an ji rauni. Gubar tana toshe hanyar da jiki ke sabunta wannan bitamin. Ranar farko ɓera ba ya jin komai, saboda akwai sauran sinadaran a jininsa. Da gangan aka tsara ta haka, don ɓera yana da wayo, in ya ɗanɗana abu cikinsa ya murɗa ba zai sake kusantarsa ba. To tunda bai ji komai ba, gobe ya dawo ya ci, jibi ma ya ƙara, kafin ya mutu cikin kwana uku zuwa bakwai ya tara ninkin-ba-ninkin abin da zai kashe shi. A kwanakin ƙarshe za ki gan shi da rana tsaka a tsakar gida, gashinsa a tashe, yana jan jiki a gindin bango, ki buga ƙafa ma da ƙyar ya matsa. Wannan ɓeran shi kyanwa ke fara kamawa, shi mujiya ke sura, shi shaho ke kai wa 'ya'yansa a sheƙa. Zubi na biyun kuma ba ya fita daga jiki da wuri, yakan yi watanni a hanta. Mujiyar da ta ci ɓera mai guba yau, ta ci wani bayan mako biyu, tarawa take yi, har ranar da ɗan bugu kaɗan zai sa jini ya ɓalle mata a ciki.

A kan dabbobinku kuwa, abin da na fi zato shi ne kajin da karen shinkafar ce da kanta suka ci. Kaza ba ta ganin ƙwayar hatsi ta wuce, shi kuma kare in an kwaɓa gubar da busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli ai an kira shi ne. Kyanwa ce ta fi samunta ta hanyar ɓera, musamman wadda farauta ce abincinta na kullum.

A Kalifoniya abin ya faro ne daga irin tambayar da kike yi. A 2007, a garin Barkili, wani maƙwabcin wata marubuciya mai suna Lisa Owens Viani ya tsinci matattun shahuna a ɗan tafkin roba da yaransa ke wanka. Ba ta tsaya a jimami ba, ta sa aka yi gwaji, aka samu gubar ɓera a jikinsu. Da abin ya ci gaba da faruwa, a 2011 ta kafa ƙungiyar Raptors Are The Solution, manufarta a nuna wa jama'a cewa tsuntsaye masu farauta su ne abokan yaƙi da ɓera. A kudancin jihar kuma, a garin Malibu, bayan an tsinci gawar wata zakanyar dutse a 2012 da gubar a jikinta, wata ma'aikaciyar jinya, Kian Schulman, da mijinta Joel suka kafa Poison Free Malibu. Aikinsu na farko bin shaguna ne ɗaya bayan ɗaya, suna nuna wa masu shago hotuna da sakamakon gwaji, suna roƙon a sauke maganin daga kanta. Ba doka a hannunsu a lokacin, sai baki da naci, kuma shagunan garin suka sauke.

Abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne akwai masu auna ɓarnar. Tun 2002 hukumar kula da gandun daji ta ƙasar ke ɗaura wa zakunan dutse na tsaunukan Santa Monika na'urar bin sawu a wuya, in ɗaya ya mutu a ɗauko gawarsa a gwada hantarsa. Haka suke yi wa kyanwoyin daji. Sakamakon ya riƙa fitowa iri ɗaya: wajen tara cikin goma na waɗanda aka gwada suna ɗauke da gubar, sau da yawa fiye da iri guda. Kyanwoyin dajin nan ƙazuwa mai tsanani ta yi musu kisan kiyashi daga 2002, kuma bincike ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin ƙazuwar da gubar, wadda ke dagula garkuwar jiki. Akwai wani zaki da ake kira P-22, wanda ya tsallaka manyan tituna biyu ya zauna a dajin Griffith a cikin birnin Los Anjeles, kowa ya san shi. A 2014 aka kama shi, fuska duk ta zube da ƙazuwa, ido a kumbure, jininsa ya nuna gubar ɓera. An yi masa magani ya warke, amma hoton nan ya shiga jaridu da gidajen talabijin, ya yi aikin da rahoto mai shafi ɗari ba zai yi ba. A 2019 wani matashin zaki, P-47, ya mutu da zubar jini a kai da huhu, aka samu guba iri shida a hantarsa.

Sai ga wani cikas da zai yi miki kama da namu. Dokar Kalifoniya ta ce gwamnatin jiha ce kaɗai ke da ikon tsara amfani da magungunan ƙwari da na ɓera, ƙaramar hukuma ba ta da hurumi. Masu fafutukar ba su zauna jiran jiha ba. Suka riƙa zuwa zaman majalisun garuruwa, suna sa su yanke ƙudurin daina sa gubar a makarantu da lambuna da gine-ginen da ke hannun majalisar, tare da kiran 'yan kasuwa su daina sayarwa don kansu. Garuruwa da dama suka yi haka. Malibu ta ƙara gaba a Disamban 2019, ta bi ta dokar kare gaɓar teku ta saka hanin a tsarinta, hukumar gaɓar tekun jihar ta amince a 2021.

A nan akwai darasin da nake so ki lura da shi sosai. A 2014 jihar ta cire zubi na biyu daga hannun masu saye a shago, ta bar wa kamfanonin feshi masu lasisi kaɗai. Kowa ya ɗauka an gama. Da aka ci gaba da gwada hantar namun daji, sai aka ga abin bai ragu ba, domin kamfanonin sun ci gaba da jera baƙaƙen akwatunan guba a bayan gidajen abinci da rukunin gidaje, ɓera ya shiga ya ci ya fito. Akwati yana tsare yaro da kare daga cin gubar, amma ba ya tsare mujiya daga cin ɓeran. Da wannan hujja aka koma majalisa. A Satumban 2020 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 1788, wadda ta dakatar da yawancin amfani da gubobin nan huɗu daga farkon 2021. A 2023 aka ƙara da diphacinone, a 2024 aka ƙara da chlorophacinone da warfarin. Duk da haka an bar ƙofa a buɗe ga wasu ayyukan noma, ɗakunan ajiyar abinci, da lokacin da jami'an lafiya suka ga barazanar annoba. Ba don wannan sassauci ba, da wuya dokar ta wuce.

Wasu wurare sun bi sahu. Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya yi hanin wucin gadi a 2021 bayan garuruwa sun matsa, ya mayar da shi na dindindin a Janairun 2023. A jihar Masacusets, asibitin namun daji na Jami'ar Tufts ya gwada shahuna 43 ya samu gubar a dukkansu, garuruwa irin su Arlington suka shiga neman ikon takaita ta. A Birtaniya, inda ake gwada hantar mujiyoyi duk shekara, an hana zuba irin wannan guba a fili nesa da gine-gine daga farkon 2025. A birnin Niyu Yok, mutuwar wata shahararriyar mujiya mai suna Flaco a Fabrairun 2024, da guba iri huɗu a jikinta, ta sa majalisar birnin ta amince a gwada maganin hana ɓeraye haihuwa a wasu unguwanni.

Ba zan ɓoye miki inda aka samu tangarɗa ba. Tun 2008 da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara tsaurarawa, musamman saboda yara sama da 10,000 da ake ba da rahoton sun taɓa ko sun ci maganin ɓera duk shekara, kamfanoni da yawa suka koma wata guba mai suna bromethalin. Ita ƙwaƙwalwa take kumburawa, kuma ba ta da makari. Kare da ya ci mai tsinka jini, in an kawo shi da wuri, yawanci muna ceto shi. Wanda ya ci bromethalin har alamu suka bayyana, sai dai a yi ta dabara ana addu'a. Saboda haka hana guba ɗaya ba tare da an rage ɓerayen ta wata hanya ba, canza wa dabbobi ajali ne kawai.

Mu dawo gida. Kashe ɓera ba abin jayayya ba ne a wurinmu, addini ma ya halatta. Ɓeran da ke ɗauke da cutar Lassa, mai nonuwa da yawa, a cikin gidaje da rumbuna yake zaune, fitsarinsa da kashinsa ke gurɓata abinci. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma duk rani tana tashi, jihohin Bauchi da Taraba na cikin waɗanda ta fi taɓawa tare da Edo da Ondo. Duk wanda ya je wa mai unguwa da maganar a tausaya wa ɓera, ko a bar guba a zauna haka, dariya za a yi masa, kuma da gaskiyar masu dariyar. Abin da za ku nema shi ne a kashe ɓera ta hanyar da mutuwar za ta tsaya a kansa.

Matsalarmu ta biyu, yawancin abin da ake tallatawa a tasha da cikin cunkoson motoci ba ya da suna. Ƙulli ne a farar leda, ko hatsi da aka rina ja ko shuɗi, ba wanda ya san abin da ke ciki, shi kansa mai tallan sarowa ya yi. Wani mai tsinka jinin ne. Wani gari ne baƙi ko toka-toka mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wato zinc phosphide, wanda in ya haɗu da ruwan ciki yake sakin iska mai guba ya kashe cikin sa'o'i. Wasu kuma ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu suke jefawa a ramin ɓera a cikin ɗakin kwana, ita kuwa da ta ji danshi take sakin wannan iskar, mutanen ɗakin ma ba su tsira ba. Wasu fiya-fiya suke kwaɓawa da abinci. In dabba ta mutu farat ɗaya tana kumfa da karkarwa, to ba mai tsinka jini ba ce. In ta yi kwanaki tana kasala da numfashi sama-sama, mai tsinka jinin ce ake zargi.

Tunda unguwa ba ta yin doka, me ke hannunku? Abin da ya kasance a hannun mutanen Malibu kafin 2019, har ma da ƙari, don ku kuna da mai unguwa da liman da sarkin kasuwa da duba-gari, waɗanda maganarsu ke shiga gida-gida.

Ku fara da tara shaida. A samu littafi guda a hannun mutum ɗaya, duk dabbar da ta mutu a rubuta rana da gida da alamun da aka gani, a ɗauki hoto, a adana ledar maganin in an samu. In wata ta sake mutuwa, a sa ta a leda biyu a kai asibitin dabbobi a ranar, a nemi a feɗe a duba a ba ku takarda. Likita yana buɗe ƙirjin kare da mai tsinka jini ta kashe zai tarar da jini kwance tsululu bai daskare ba, naman ya yi fari fat. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna irin wannan aiki, haka cibiyar binciken dabbobi ta Vom. In kuka je wa mai unguwa da takardar likita da hotuna, magana ta tashi daga "wance ce ta kashe mini kaji" ta koma maganar unguwa. Wannan yana da muhimmanci, don na ga yadda irin wannan zargi ke raba zumuncin maƙwabta, alhali wadda ta zuba maganin ita ma ɓera ne ya cinye mata buhun masara.

Daga nan sai masu sayarwa. Kada a je musu da faɗa ko da 'yan sintiri, mutum ne mai neman abincinsa. Dattawa biyu ko uku su same shi, a nuna masa hotunan, a roƙe shi abu biyu: ya daina ƙulla wanda ba suna, ya riƙa kawo mai kwali da lambar rajistar NAFDAC da sunan sinadari a jiki, sannan ya kawo tarkuna, unguwa ta yi alkawarin saye a wurinsa. Wanda ya ƙi ji bayan an bi shi da lalama, a kai maganarsa ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ofishin NAFDAC na jiha. Kuka na jama'a yana motsa hukuma a nan ma: a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai dichlorvos a kasuwanni da manyan shaguna bayan an yi ta ƙorafi kan yadda yake halaka mutane.

Sai yarjejeniya tsakaninku, wadda liman zai iya sanarwa bayan sallah, mata kuma su isar a Islamiyya da wurin biki. Ba a watsa guba a fili, ko a bakin kwata, ko a kan bola. Wanda dole ta sa zai saka, ya sanar da maƙwabta kwana ɗaya kafin nan don a killace kaji a ɗaure karnuka. A sa ta cikin akwati mai 'yar ƙofa, ko guntun bututun roba mai tsawon kamu biyu da aka danne da bulo a jikin bango, inda bakin kaza da hannun yaro ba za su kai ba. Kada a taɓa zuba ta a kwanon da ake cin abinci ko murfin tukunya. Kowace safiya a zagaya a kwashe matattu da masu jan jiki, da safar hannu ko leda a hannu da shebur, a yayyafa ruwan bilic a wurin, a binne a rami mai zurfi da kare ba zai tone ba. Jefa mataccen ɓera ta kan katanga ko a bola shi ne hanyar da gubar ke kaiwa ga shirwa da ungulu da kyanwar maƙwabta, kuma hanyar Lassa ce. Bayan mako biyu zuwa uku a kwashe ragowar maganin, kada a bar shi shekara yana zaune. Kazar da ake zargin ta ci guba kuma, don Allah kada a yi saurin yanka ta a ce kar ta tafi a banza. Ba a cin namanta, ba a cin ƙwanta, ba a ba kare.

Amma babban aikin yana wurin abinci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin ɓera mako uku ne, kuma irin mai ɗauke da Lassa takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. In kin kashe rabinsu kin bar tuwon dare a buɗe da dusa a ƙasa, waɗanda suka rage sun samu yalwa, na maƙwabta ma su shigo. A ƙasar Gini an yi shekaru ana gwajin sa guba a ƙauyukan yankin Farana don yaƙi da Lassa, adadin ɓerayen yakan faɗi, amma cikin 'yan watanni su dawo. Shi ya sa nake cewa a mayar da ƙarfi kan hatsi da shara. Hatsin gida a durom mai murfi. In buhu ne, irin mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga ya fi, a ɗora kan katako, a bar tazara da bango. Rumbu a ɗaga shi, a share ciyawar gindinsa, a naɗa wa ƙafafunsa langa-langa mai santsi. Abincin kaji a kwashe shi da magariba, don kajinki sun kwanta, wanda ya rage na ɓera ne. Kwanuka a wanke kafin a kwanta. Ramuka a toshe da siminti haɗe da fasassun kwalba, a sa raga a bakin bututun kwata, a buga langa-langa a ƙasan ƙofar sito, domin ɓera yana wucewa ta ƙofar da babban yatsanki zai shiga, kusu kuma ta wadda fensir zai shiga. Gida ɗaya in ya yi wannan ya huta kaɗan, amma sai layi gaba ɗaya ya yi a mako guda ake ganin bambanci. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta ishe ku mafari.

Tarko kuwa, mai ƙarfen nan da ke bugawa ya kashe nan take shi na fi so. A ɗana da yawa a dare ɗaya, a jikin bango inda ake ganin kashinsu da baƙin maiƙon jikinsu. Dabarar ita ce a sa ɗan tunkuza ko kifi a bar tarkon ba a ɗana ba dare biyu, su saba, sannan a ɗana. A kifa masa kwando ko a sa a akwati saboda 'yan tsaki. Gam ɗin ɓera ba na ba da shawararsa. Yana kama ƙadangare da tsuntsu da 'yar kyanwa, ɓeran kuma yakan kwana yana fitsari a kai, wanda zai ɗauka da safe ya taɓa. Ga azabtarwa, mu kuwa an umarce mu da kyautatawa ko a wurin kisa.

Akwai abokiyar aikin da muke kora da hannunmu, wato mujiya. Na san abin da ake faɗa a kanta, in ta yi kuka a kan rufi wasu sai gabansu ya faɗi, yara su bi ta da dutse. Amma iyalin mujiya guda, uwa da uba da 'ya'ya, suna cin ɓeraye dubbai a shekara. A kwarin Urdun tun 1983 manoma suka fara kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki, a Maleshiya ma masu gonakin kwakwar manja sun daɗe suna haka don rage sayen guba. A cikin gari mai cunkoso ba za ta iya aikin ita kaɗai ba, amma a gefen gari da ƙauye, barin mujiya ta zauna a tsohon gini ko kogon kuka riba ce ga mai rumbu. In malamai da dattawa suka faɗi haka a bainar jama'a, yara za su ajiye duwatsun. Haka tunku da muzuru da macizan da ba su da dafi, duk ɓera suke ci.

Kafin a kai ga duk wannan, ga abin yi in dabba ta sake ci. Kada a jira alamu, don mai tsinka jini sai bayan kwana uku zuwa biyar take nunawa. In an ga kare ya ci, a kai shi asibiti a cikin sa'a biyun farko tare da ledar ko ragowar maganin, likita zai iya sa shi amai ya ba shi gawayin asibiti. In ba a gani ba, ki ɗaga leɓensa ki duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne, na wanda jini ke zuba a ciki fari ne. Sauran alamun su ne kasala, tari, haki, haɓo, baƙin kashi, kumburin gaɓa. Makarin shi ne bitamin K1, kuma sai an yi mako uku zuwa huɗu ana bayarwa in zubi na biyu ne, wanda ya tsaya a kwana biyar don ya ga kare ya miƙe, jinin zai sake ɓallewa. K3 da ke cikin bitamin ɗin kaji ba ya wannan aiki. Kada a ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri. Gishiri da kansa yana kashewa, ɗure yana shiga huhu, kuma in baƙin garin nan ne, abinci a ciki ƙara sakin iskar yake yi. In dabbar ta yi amai mai warin tafarnuwa, a fitar da ita fili, mutane su matsa, a wanke wurin da ruwa mai yawa. In kuwa yaro ne ya taɓa ko ya ci, asibiti kai tsaye da ledar a hannu, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi.

Game da lokaci, ku yi ƙoƙari zaman ku da mai unguwa ya kasance kafin a gama girbi, wajen watan Oktoba, don lokacin ne hatsi ke shigowa gida ɓeraye su biyo shi daga gona, kuma daga Disamba zuwa Maris ne Lassa ta fi tashi. Ku tafi da littafin shaidar, da mai shagon da ya yarda zai kawo tarkuna, da magini ɗaya da zai toshe wa gidajen zawarawa da tsofaffi ramuka a kuɗi kaɗan, sannan ku gayyaci duba-garin yankinku da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma su zauna a taron.